Ƙashin kwarmin ido ya karye: a yi aiki yanzu, ko a jira na'urar ƙasar waje?

Tambaya daga unguwar Garin Malam, Damagaram: "Likita, ƙanena ɗan kabu-kabu ne, shekararsa 26. Yau kwana shida ya faɗi da babur, fuskarsa ta daki gefen mota, idon hagu ya kumbura ya rufe. Kumburin ya fara saɓewa kuma yana gani da idon, amma in ya kalli sama sai abu ɗaya ya zama biyu. Kuncinsa da leɓen sama kuma ba ya jin taɓi a wurin. An yi sikana, wato hoton CT, an ce fiye da rabin ƙashin ƙarƙashin idon ya rufta, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Tsofaffinmu sun ce a kai shi wajen mai ɗori. Wani ɗan'uwanmu da ke waje kuma ya ce mu dakata mu tara kuɗi, wai akwai na'urar da ke ƙera wa mutum ƙashi daidai da nasa. Wanne za mu bi?"

Malam, Allah ya ba ƙaninka lafiya, ya sa ciwon ya zama kaffara. Tiyatar fuska da muƙamuƙi ita ce sana'ata, kuma irin wannan karaya a ƙasarmu babur ne ke kawo mafi yawanta, sai naushi, sai harbin dabba. Bisa abin da ka bayyana, ƙaninka yana cikin waɗanda ke bukatar aiki, kuma lokacin da aikin ya fi yin kyau shi ne cikin mako biyu daga ranar hatsarin. Kwana shida sun riga sun tafi. Mai ɗori ba shi da abin yi a nan. Na'urar da ɗan'uwanku ya ba ku labari gaskiya ce, ina kuma ganin ƙimarta ƙwarai, amma ba ta kai a zauna wata uku ko shida ana jiranta ba. Hukuncin ƙarshe yana hannun likitan da ya duba shi ya kuma ga hoton, ni kuwa bari in warware maka dalilan don ku je masa da fahimta.

Ka ɗauki kwarmin ido a matsayin ƙaramin ɗaki mai rufi da daɓe da bango biyu, ƙofarsa na kallon waje, yana tsukewa in an nufi ƙurya. Ƙasusuwa 7 ne suka haɗu suka gina shi. Zurfinsa santimita 4 zuwa 4 da rabi, cikinsa na ɗaukar kimanin mililita 30, ƙwayar idon kuwa wajen mililita 7 kawai ta ci. Sauran wurin kitse ne, da tsokoki 6 masu juya ido, da jijiyoyin jini, da jijiyar gani wadda ke fita ta can ƙuryar ta shiga ƙwaƙwalwa. Bakin ƙofar ƙashi ne mai kauri, shi kake ji in ka danna girarka ko saman kuncinka. Daɓen kuwa bai cika wuce rabin milimita zuwa milimita 1 ba, bangon da ke gefen hanci ma bai kai rabin milimita ba. Ƙarƙashin daɓen babu abin da ya tokare shi, kogo ne mai iska a cikin ƙashin kunci, wanda ke da kafa zuwa cikin hanci.

Saboda haka in abu ya daki ido da ƙarfi, bakin ƙofar kan tsaya daram, ƙarfin dukan ya wuce ciki ya fasa inda ya fi rauni. Daɓe ya rufta, kitse ya zuba cikin kogon kunci, wani lokaci har da tsokar da ke jan ido ƙasa. Tun 1889 wani likitan ido a Ingila, William Lang, ya lura cewa ido kan faɗa ciki bayan duka alhali ganinsa lafiya lau. A 1957 likitoci biyu a Amurka, Byron Smith da William Regan, suka nuna yadda dukan ƙwayar ido ke fasa daɓen ya bar bakin ƙofar.

Duk alamun da ka lissafa daga nan suke. Gani biyu-biyu in ya kalli sama yana nufin idon hagun ba ya bin na dama, don tsokar ƙasa ko kitsen da ke lulluɓe da ita ya maƙale a bakin karayar, ko kuma tsokar ta ƙuje ta kumbura. Mutuwar kunci da leɓe kuwa, akwai jijiyar ji da ke bi ta cikin daɓen kansa kafin ta fito ƙasan ido ta rarrabu a kunci, da gefen hanci, da leɓen sama, da haƙoran sama. Karayar ta taɓa ta. Wannan kada ya tayar muku da hankali, yawanci ji yana dawowa a hankali cikin makonni ko watanni, kuma shi kaɗai ba ya sa a yi wa mutum aiki. Akwai alama ta uku da ba ku gani ba tukuna, don kumburi ya ɓoye ta: faɗawar ido ciki. In daɓe ya rufta ɗakin ya ƙara girma, kuma duk mililita 1 da ya ƙaru, idon kan ja baya da abin da ya kusa milimita 1. In ja bayan ya wuce milimita 2, duk wanda ya kalli fuskar zai ga ido ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta. Wannan sai bayan makonni yake bayyana, lokacin da gyaran ya riga ya ƙara wuya.

Kafin a yi maganar ƙashi, ina son in tabbatar an yi abu ɗaya: likitan ido ya duba ƙwayar idon kanta. Ka ce yana gani, alhamdu lillahi, amma ganin gida daban ne da gwajin likita. A auna ƙarfin ganinsa, a haska ɗigon tsakiyar idon a ga yana tsukewa, a auna matsin cikin ido, a ɗiga maganin buɗe ido a leƙa bayansa. Dukan da ya fasa ƙashi yana iya tara jini a gaban ido, ko ya yaga fatar gani da ke can baya, ko ya tsaga ƙwayar a wurin da ba a gani da ido kawai. In ƙwayar ta tsage, ita ake fara ɗinkewa, ƙashi ya jira, don a aikin ƙashi dole a ɗaga idon a ɗan matsa shi. Ni ba na shiga kwarmin ido sai takardar likitan ido na gabana.

Ba kowace karayar kwarmin ido ake yi wa aiki ba, kuma yana da kyau masu karatu su san haka. Da yawa ƙananan tsaga ne, gani biyu-biyun na kumburi ne, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya wuce da kansa. Abubuwa uku ke sa mu ce a yi: gani biyu-biyu da ya ƙi tafiya tare da shaidar maƙalewar tsoka, musamman in yana damun mutum a kallon gaba ko kallon ƙasa inda ake karatu da taka matakala, idon da ya faɗa ciki fiye da milimita 2, ko ramin da ya ci rabin daɓen ko fiye, wato wajen santimita 2 murabba'i, don irin wannan ko ba a ga faɗawar yau ba tana tafe. Ƙaninka yana da na uku a rubuce, yana kuma da alamar na farko. Ana barin kwanakin farko don kumburi ya sauka a samu sararin aiki. Ana gudun wuce mako biyu don daga nan naman da ya zuba cikin kogo kan fara mannewa, tabo ya kama shi, kitsen ya fara shanyewa, gutsattsarin ƙashi su daskare a inda suka faɗa. Aiki bayan wata shida yana yiwuwa, muna yi, amma ya fi tsawo, ya fi haɗari, kuma ba a cika samun sakamako irin na farko ba.

Akwai yanayi biyu da ba a jiran ko kwana ɗaya, zan faɗe su domin wani mai karatu. Na farko, jini ya taru bayan ido. Idon ya turo waje, ya yi tauri, ciwo mai tsanani, gani na dusashewa. Jijiyar gani da fatar gani ba sa jure rashin jini fiye da awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma maganin ƙaramin yanka ne a kusurwar waje ta fatar ido don a sassauta matsin, ana yin sa a ɗakin gaggawa ba tare da jiran sikana ba. Na biyu na yara ne, shi ya fi yaudara. Ƙashin yaro yana da danƙo, sai ya buɗe tsoka ta faɗa, ya koma ya rufe a kanta. Yaro ya sha ƙwallo ko gwiwar hannun abokin wasa a ido, farin idon tas, babu wani kumburin kirki, amma yana ta amai, jiri na ɗibarsa, ya ƙi buɗe idon, in aka ce ya kalli sama sai ido ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya, bugun zuciyarsa ma yana iya raguwa. Sau da yawa ana ɗaukarsa zazzaɓin cizon sauro ko buguwar kai. Tsokar tana shaƙe ne, in ba a cire ta cikin awa 24 zuwa 48 ba tana iya lalacewa har abada.

Yanzu abin da za ku kiyaye a gida, daga yau har makonni bayan aiki. Kada ya fyace hanci ko kaɗan. Na ce kogon kunci yana da kafa zuwa hanci, yanzu kuma ya samu ƙofa zuwa kwarmin ido. Na ga wanda ya fyace sau ɗaya, nan take fatar idon ta cika da iska ta rufe ruf, in ka danna da yatsa sai ka ji iskar na motsi ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata. Iskar kan tafi da ƙwayoyin cuta daga hanci, kuma in ta yi yawa tana matse jijiyar gani. In atishawa ta zo ya buɗe baki ya sake ta. A alwala ya bar shaƙa ruwa da fyacewa, a mazhabar Malikiyya sunna ne ba farilla ba, malaminku zai tabbatar muku, zai kuma yi muku bayanin sallar mara lafiya a kwanakin da likita ya hana sunkuyar da kai. In lokacin hunturu ne da ƙura da mura, likita ya rubuta masa maganin fesa hanci. Ya kwana da kai a ɗage kan matashi biyu. Kada ya sha asfirin ko haɗe-haɗen maganin ciwon jiki na masu talla, suna hana jini daskarewa, farasitamol ya isa. Kada a ɗiga komai a idon in ba na likita ba, ko kwalli, ko nono, ko jiƙon itace.

Maganar mai ɗori kuwa, ka gaya wa tsofaffi cikin ladabi cewa ba raina sana'ar aka yi ba. Mai ɗori yana aiki da ƙashin da hannu ke iya kamawa ta gefe biyu, a ja, a daidaita, a ɗaure. Wannan ƙashi yana can ƙarƙashin ƙwayar ido, babu yatsan da ke isa gare shi ta waje, kuma bai karye gida biyu ba, ya farfashe ne ya faɗa rami. Duk dannawa da murza da gashin ruwan zafi a kan ƙwayar idon za su sauka, su ƙara tura kitse cikin kogo, su tayar da jinin da ya kwanta.

Fasahar zamani a wannan aiki ta fara ne daga abin da kuka riga kuka yi, wato sikana. Injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ne ya ƙirƙiro ta, an fara ɗaukar mara lafiya da ita a Landan a 1971. Hoton radiyo na da, wato X-ray, yakan tsallake yawancin irin wannan karaya, don ƙasusuwan fuska suna hawa kan juna a hoton. Sikana tana yanyanka hoton falle-falle, kuma ga kwarmin ido muna son kaurin kowane falle kada ya wuce milimita 1, don daɓen da bai kai milimita ba yana ɓacewa a falle mai kauri. Ga shawara mai amfani: ku koma inda aka yi hoton ku roƙi a zuba muku shi cikakke a faifai ko a kile, wato filashin USB, ba fim da takardar sakamako kawai ba. Fim ɗin ƴan hotuna ne da aka tsinto. Faifan ne likitan tiyata zai buɗe a kwamfuta ya juya ta kowace fuska, ya auna ramin, kuma da shi ake duk abin da zan faɗa nan gaba. Ana ma iya aika shi ta intanet wani ƙwararre ya duba kafin ku biya kuɗin mota.

Don ka gane amfanin sauran na'urorin, bari in shigar da kai ɗakin aiki. An sa mara lafiya barci. Abin da nake fara yi, in kama farin idon da ɗan ƙaramin hantsaki in juya shi sama da ƙasa, in ji da hannuna ko yana tafiya sumul ko wani abu na riƙe da shi. Sai a rufe baƙin idon da ɗan murfi, a ja fatar ido ta ƙasa, a yanka ta cikinta, inda take ja, yadda ba za a ga tabo a fuska ba. Wannan hanya likitan Faransa Bourguet ya fara bayyana ta a 1924, Paul Tessier ya yaɗa ta a shekarun 1970. Ana iya shiga ta fatar waje a ƙarƙashin gashin ido, amma ta nan tabo ya fi jan fatar ido ƙasa. Daga yankan a gangara zuwa bakin ƙashi, a ɗaga fatar da ke manne da ƙashin, mataimaki ya riƙe ƙwayar idon sama da wani lallausan ƙarfe mai faɗi. Sai a fara ciro kitsen da ya faɗa kogo, kaɗan-kaɗan, ba a fizga, ana raba shi da jijiyar kunci da tsinin ƙashi, har sai an ga bakin ramin ta kowane gefe. Sannan a shimfiɗa sabon daɓe, a kafe shi da kusa ɗaya ko biyu masu murɗi waɗanda kaurinsu bai wuce milimita 1 da rabi ba, a sake juya idon da hantsaki a tabbatar babu abin da ya maƙale ƙarƙashin ƙarfen, a duba ɗigon ido, a rufe. Karaya ta daɓe kaɗai takan ɗauki awa 1 zuwa 2.

Wahalar duka tana a ƙurya. Wurin ya tsuke, da duhu, kitse na zubowa yana rufe maka gani, jijiyar gani kuma na kusa. Ga shi daɓen ba shimfiɗaɗɗe ba ne: bayan bakin ƙofa yana ɗan lotsawa, sannan ya hau tudu a can baya inda yake haɗuwa da bangon hanci. Wannan tudun ne ke tokare da ido yana hana shi ja baya. Dole bakin ƙarfen na baya ya hau kan ɗan guntun ƙashin da ya rage a ƙurya. In likita ya ji tsoron jijiya ya tsaya kusa, ƙarfen sai ya nutse cikin kogon kunci, a tashi daga aiki ido yana nan a faɗe. In ya zarce, ya danne jijiyar gani. Duk na'urar da ka ji labari, wannan matsala guda aka yi ta domin ta warware.

Abin da ake shimfiɗawa iri-iri ne. Da can ƙashin mutum ake ɗebowa daga ƙugu, ko haƙarƙari, ko saman ƙoƙon kai, ƙaramin rami kuma a rufe da guringuntsin kunne. Har gobe hanya ce ta halal in babu wani abu, sai dai ƙashi ba ya lanƙwasuwa yadda ake so, wani sashensa yana narkewa, ga kuma ciwo na biyu. Akwai wata roba mai ƙananan kafofi da nama ke shiga ya riƙe, akwai falle mai narkewa da kansa bayan watanni wanda ya dace da yara da ƙananan ramuka. Ga babban rami irin na ƙaninka, ragar titaniyom ce aka fi amfani da ita. Siririya ce, ba ta tsatsa, jiki ba ya ƙin ta, tana fitowa sarai a sikana, ba ta hana shiga na'urar hoto mai maganaɗisu, kuma in babu matsala ba a cire ta har ƙarshen rai. Ana yawan tambayata ko za ta ɗau zafi a ranar watan Afrilu. Ba ta ɗauka, tana cikin nama ne, zafinta zafin jiki.

Ragar tana zuwa a shimfiɗe, likita ya yanka ya lanƙwasa da hannu yana gwadawa, ya sa ya cire har ta zauna. Kamfanoni sun zo sun fitar da wadda aka riga aka lanƙwasa bisa matsakaicin siffar kwarmin mutane, ta dama daban ta hagu daban, da tudun bayan a jikinta. Wannan kaɗai ya rage kuskure sosai.

Mataki na gaba shi ne abin da ɗan'uwanku ke nufi. Kwarmin dama da na hagu na mutum ɗaya sun yi kusan zama daidai. Sai a buɗe faifan sikana a kwamfuta, a ɗauki siffar lafiyayyen gefen, a juya ta, a ɗora kan wanda ya karye, nan take a ga yadda daɓen yake kafin hatsari. Daga nan hanya ta rabu biyu. Mai tsadar ita ce a aika zanen kamfani, na'ura ta riƙa narkar da garin titaniyom da hasken leza, shimfiɗa kan shimfiɗa, har ta gina falle na mutum ɗaya tak, da kafofin kusa a inda aka tsara. Ba ƙashi take ƙerawa ba, ƙarfe ne mai siffar ƙashinsa. Kuɗinsa ya ninka na raga sau da yawa, ga jiran zane da ƙira da aikowa da kwastan. Mai sauƙin kuwa, wadda nake ganin ita ta fi dacewa da ƙasa irin tamu, ita ce a fitar da siffar kwarmin da aka gyara a kwamfuta da roba, a ƙaramar firinta mai gina siffa irin wadda ake ajiyewa kan tebur. Manhajar da ake zanen da ita, irin su 3D Slicer, kyauta ce. Likita ya ɗauki wannan kwarmin roba a hannunsa tun kafin ranar aiki, cikin haske, babu jini babu gaggawa, ya lanƙwasa ragar titaniyom ta yau da kullum a kansa har ta kwanta lif, a kai ta a dafa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, washegari ya shimfiɗa ta. Yawancin amfanin hanya mai tsada ana samun sa ta nan, kuma ina fatan ganin ranar da asibitocinmu da jami'o'inmu, har da Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, za su mai da wannan abin yau da kullum, don bai fi ƙarfinmu ba.

Manyan asibitocin waje suna ƙara abubuwa biyu. Akwai na'urar jagora: a haɗa kan mara lafiya da hoton sikanarsa, likita ya taɓa wuri da wani tsinke, allon kwamfuta ya nuna masa daidai inda tsinin yake, da kuskuren da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, ya san saura nawa ya isa jijiyar gani. Akwai kuma sikana ta cikin ɗakin aiki, a ɗauki hoto tun mutum yana barci, in ƙarfen ya karkace a gyara a take maimakon a gano washegari a sake komawa. Wasu kuma suna zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko ta saman dasashi su haska ƙuryar daga ƙasa.

Abin da bincike ya nuna zuwa yanzu shi ne, waɗannan hanyoyi suna mai da girman kwarmi daidai fiye da lanƙwasa da ido, suna kuma rage tsawon aiki. Amma a maganar warkewar gani biyu-biyu ba a ga wani babban bambanci ba, don wannan ya dogara ne ga lafiyar tsokar da lokacin da aka cire ta. Waɗanda falle na musamman ya fi yi wa rana su ne wanda daɓe da bangon hanci suka rufta tare, wanda guntun ƙashin ƙurya ya tafi babu inda za a ɗora, wanda harsashi ya ci, da wanda karayarsa ta tsufa ko aka yi masa aiki bai yi ba. Ka lura da na ƙarshen. In kuka jira wata shida kuna tara kuɗi, ku da kanku za ku mai da ƙaninku irin mutumin da sai da na'urar mai tsada, alhali yau raga ta isa. Kuma kada ku sayar da gona ko bisashe domin wannan tafiya kafin wani likitan tiyatar fuska ya buɗe faifan ya ce lalle ba za ta yiwu a nan kusa ba.

Saboda haka a cikin makon nan ku koma wurin likitan da ya ce a yi aiki, ku tambaye shi kai tsaye: wa zai yi, ya saba yin irinsa, me za a shimfiɗa, yana nan ko sai an yi oda, kwana nawa zai ɗauka, kuma za a sake sikana bayan aiki? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Masu wannan aiki su ne likitocin tiyatar fuska da muƙamuƙi, da wasu likitocin ido da na hanci da kunne da suka ƙware a kai. In aka ce sai an tura ku, a ba ku takardar turawa da ta likitan ido da faifan. Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, Kano kuwa wajen 240, kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen tiyatar baki da fuska. Ku yi waya ku samu rana kafin ku tashi. In tafiyar ta jirgi ce ku tambayi likita tukuna, don in iska ta taru a kwarmin canjin matsi yana iya ƙara ta. In yana shan taba ya ajiye, in yana da ciwon suga a daidaita shi.

Bayan aiki, daren farko ya fi kowane muhimmanci. Ma'aikatan jinya za su riƙa tada shi suna gwada ganinsa, kada ku ce a bar shi ya huta. Makanta bayan wannan aiki ba ta da yawa, amma in za ta zo ta hanyar taruwar jini bayan ido take zuwa, kuma ana iya tare ta in an gani da wuri. Ciwo mai ƙaruwa, ido na turowa, ko gani na raguwa, a kira likita nan take ko da ƙarfe uku na dare ne. Gani biyu-biyun yana iya ƙaruwa a kwanakin farko saboda kumburi, sannan ya riƙa raguwa cikin makonni zuwa watanni. Ya riƙa motsa idon yana bin yatsa sama da ƙasa da gefe kamar yadda aka nuna masa. In bayan wata shida akwai saura, akwai tabarau na musamman, akwai kuma ƙaramin aikin tsokar ido da likitan ido ke yi. Ya kiyaye ɗaukar kaya masu nauyi da ƙwallo da kokawa wajen mako shida.

Na san abin da zai fara tambaya shi ne yaushe zai koma kan babur, tunda da shi yake ci da iyali. Ba maganar ƙidayar kwana ba ce. Sai likitan ido ya gwada shi ya tabbatar yana ganin abu ɗaya a kallon gaba, da kallon ƙasa, da waiwayen gefe, don mai ganin mota biyu a inda take ɗaya ba zai san wadda zai kauce wa ba, ga fasinja a bayansa. Ku ƴan'uwa ku ɗauke masa cefanen waɗannan makonni don kada matsi ya fitar da shi tun bai warke ba. In ya koma kuma, ya nemi kasko, wato hular kwano, mai rufe haɓa da gilashin gaba, don wanda ke rufe ƙoƙon kai kaɗai yana barin kunci da ido a fili, kuma duka na biyu a kan kwarmin da aka gyara ya fi na farko wuyar ɗinki.